Dogon layi, gajeren allo

Sana'armu a Tudun Wada ita ce gyaran bayanai. Makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin adashi na cikin Kaduna suna kawo mana rajistarsu a hargitse, mu tace, mu daidaita, mu loda musu a manhaja. Galibi fayil ɗin CSV ne, wato rubutu zalla da waƙafi ke raba bayanansa: kowane ɗalibi layi guda, daga suna zuwa aji, lambar wayar mahaifi, sannan makin darussa a jere har layin ya wuce bakin allo.

Ba na yarda a fara buɗe irin wannan fayil da Excel, don yana cinye sifirin farko na lambar waya, 0803 ta koma 803. Da Vim muke aiki, manhajar gyaran rubutu da Bram Moolenaar ya fitar a 1991. Tsoho ne, amma ko kwamfutar da ta gaji tana ɗaukarsa.

Abin da nake fara koya wa sabon yaro shi ne tafiya gefe. Vim yakan naɗe dogon layi ya sauko da shi ƙasa, sai ginshiƙai su cakuɗe. Da umarnin set nowrap ake hana wannan. To amma nan wata matsalar take: asalin ƙimar sidescroll, saitin da ke ƙayyade yadda rubutu ke matsawa gefe, sifiri ce, don haka da ka kai bakin allo sai rubutun ya yi tsalle da rabin allo gaba ɗaya. Ido ya ɓace, kuma a irin wannan tsallen ne makin wani yake faɗawa layin wani. Mu kan sa sidescroll=1 ya riƙa tafiya harafi-harafi, da sidescrolloff=8 don a riƙa hango abin da ke tafe. Masu Neovim, wani sabon reshen Vim, sun huta, sidescroll ɗinsu da 1 yake zuwa.

Wanda ya fi yi mini amfani kuwa shi ne raba allo biyu, hagu da dama, da umarnin vsplit, a kunna scrollbind, mai ɗaure tafiyar ɓangarorin biyu, a kowane ɓangare. Na hagu siriri, sunaye kawai. Na dama ka yi ta yawo da zL da zH, umarnin matsa rubutu dama da hagu. Sama da ƙasa suna tafiya tare, gefe kuma kowa da kansa, sunan ɗalibi ba ya barin idonka.

Wata malama da ta zo karɓar sakamako ta tsaya bayan yarona tana kallo, ta ce, "Alhaji, wannan baƙin allon ba ya sa ku ciwon kai?" Na ce, "Hajiya, ciwon kai shi ne uba ya zo da katin ɗansa ɗauke da makin wani." Ranar a filashinta ta tafi da layukan saitin, za ta kai wa akawun makarantarsu.