Hedar da burauza ta haɗiye ba ta ce min komai ba

Har yanzu abin nan yana ci min rai wallahi. Manhajar hira muke ginawa da Socket.IO (laburaren aika saƙo nan take tsakanin manhaja da saba), tokin ɗin mai shiga kuma, wato shaidar da ake tantance shi da ita, a hedar Authorization (heda ƙarin bayani ce da ke tafiya tare da buƙatar HTTP) nake tura shi ta saitin extraHeaders. A Node (mai gudanar da JavaScript a wajen burauza) lafiya lau, a React Native (na gina manhajar waya) ma sumul. Sai muka cire polling (tambayar sabar a kai a kai) muka bar websocket (haɗi guda da ke zama a buɗe) zalla saboda sabarmu biyu ce kuma ba ma son wahalar manne kowane mutum da sabar guda da polling ke jawowa, nan fa Chrome ya ƙi haɗuwa, sabar tana ta cewa babu tokin alhali ga shi ina kallonsa ƙuru-ƙuru a kod.

Shirun ne ya fi ƙona min rai. Ko gargaɗi ɗaya babu cewa an zubar da hedar. Na zargi nginx (mai karɓar buƙatu kafin su isa sabarmu), na zargi CORS (dokar burauza kan buƙatu tsakanin shafuka daban-daban), na yi ta cusa abubuwa a allowedHeaders a banza. Sai da na buɗe Network a kayan bincike na Chrome na danna WS, wato websocket, na karanta abin da aka tura ɗaya bayan ɗaya: ga Upgrade, ga Origin, ga Sec-WebSocket-Key, amma Authorization ko ƙyallinta.

Ashe WebSocket na burauza abu biyu kacal yake karɓa, adireshi da jerin furotokol, babu wajen saka heda sam. Da can yana aiki ne don polling buƙatar HTTP ce ta yau da kullum, ita ke ɗaukar hedar a haɗuwar farko. Node kuwa laburaren ws yake amfani da shi, shi ba ruwansa da dokar burauza, shi ya sa gwajina duk yake wucewa.

Saka tokin a jikin adireshi ban yarda da shi ba, don zai kwanta a log ɗin nginx duk mai shiga sabar ya gani. Akwai dabarar ɓoye shi cikin Sec-WebSocket-Protocol irin yadda Kubernetes (manhajar tafiyar da ayyuka a kan sabobi da yawa) ke yi, amma ga mai Socket.IO wahala ce kawai. Na koma saitin auth da ya zo da siga ta 3 ta Socket.IO a 2020, sabar ta karanta daga socket.handshake.auth, shi ke nan, ya haɗu nan take. Ku ba auth ɗin fankshin mai ɗauko tokin, ba tokin kai tsaye ba, don in netwok ya yanke ya dawo ya ɗauko sabo maimakon wanda ya mutu.

Sai dai auth yana zuwa ne bayan haɗuwa, nginx ba ya ganinsa, in a can kuke tantance mutane to sai kuki, ɗan bayanin da burauza ke ajiyewa tana turawa da kanta. Kuma don Allah ku gwada a ainihin burauza da websocket zalla tun ranar farko, wucewa a Node ba ta nufin komai a nan.