Talata: Adadin da Aka Yanka Musu

Rabin yinin yau a harabar ofishin masu kula da zirga-zirgar ababen hawa na yi shi. Ban gama shan shayi ba ɗan yayata ya bugo waya, murya na rawa: "Kawu, sun kama ni, sun tafi da mashin ɗin." Adaidaita ce da na karɓo masa bashi, yana ja yana kawo balas da yamma, ni kuma ina haɗawa ina biyan masu ita. Na tambaye shi me ya yi. Bai ɓoye mini ba, ya ce wata tsohuwa ya sauke da kayanta a bakin shataletalen kasuwa, inda aka hana tsayawa. Na ce masa to ka yi laifi, tsaya nan ina zuwa.

Laifi kam ya yi. Na san wurin, mashin ɗaya in ya tsaya, kafin ka ce kwabo layi ya kai gidan mai. Ba ni da ja a kan kamun. Abin da ya sa na kasa kwanciya har na zauna ina wannan rubutu shi ne abin da idona ya gani a harabar nan, da abin da na ji daga bakin mutumin da na yarda da maganarsa.

Ƙarfe tara ba ta yi ba, amma harabar ta cika maƙil. In ka cire 'yan motoci ƙalilan, sauran duk adaidaita ne da babura da a-kori-kura. Wani dattijo na zaune a gefen tasa motar, kwandunan tumatir jere a baya, rana ta fara dukansu, ruwa na ɗiga ta gindin kwando yana jiƙa ƙasa. Tun asuba yake nan, yana jiran ɗansa ya haɗo kuɗin tara. Bai yi wa kowa faɗa ba, lokaci-lokaci dai yakan tashi ya gyara buhun da ya rufe kayan da shi. Na duba gabas na duba yamma, babu tirela, babu tanka, babu jif mai baƙin gilashi ko ɗaya. Alhali a hanyata ta zuwa, a wannan shataletalen dai, wata tirela ta wuce ni da lodin buhuna har sama, mutane zaune a kan buhunan suna riƙe da igiya, ba wanda ya ɗaga mata hannu.

A ciki aka ba mu takarda, muka je muka biya a asusun gwamnati, muka dawo da rasit. Dole in faɗi gaskiya, ba wanda ya nemi na goro a hannuna, kuma matar da ke kan tebur ta yi mana magana da mutunci. Sai dai ni aikina binciken kuɗi ne, idona ya saba zuwa kan littafi kafin fuskar mai shi. Babban littafin da ke gabanta layi-layi ne: lambar abin hawa, laifi, kuɗi, lambar rasit, sunan rukunin da ya kawo kamun. A bango kuma ga farin allo, an jera rukunonin da ke aiki a titunan gari, kowanne da adadi a gabansa, an zagaye wasu da jan alƙalami. Na nemi inda ake rubuta haɗarin da ya faru jiya, ko mahaɗar da aka samu sauƙin cunkoso, ban gani ba a littafin, ban gani ba a allon.

Ina fitowa na ji an kira ni da sunan da rabon da in ji shi tun muna sakandare. Abokin karatuna ne, yanzu yana da 'yar igiya a kafaɗa, yara da dama na ƙarƙashinsa. Ya ja ni wurin mai shayi a bayan katanga. Ya rame, leɓensa duk ya tsage, usur na rataye a wuyansa da igiyar da gumi ya mayar baƙa. Na tambaye shi ma'anar jan alƙalamin nan. Ya yi shiru, ya juya cokali a kofi, sannan ya ce, "Mutumina, ba za ka taɓa ganin takardar da aka rubuta mana adadi ba. Da baki ake faɗa, a fareti. Rukunin da bai cika ba, ogansa zai sha tambaya, in abin ya maimaitu a ɗauke shi daga wurin."

Na ce to ai ko a ofishinmu ana auna aiki, ma'aikaci ba zai zauna ƙarƙashin bishiya ya karɓi albashi ba. Ya ce haka ne, shi ma bai ƙi a auna shi ba. Sai ya faɗi maganar da har yanzu take yi mini yawo a ka: "Ranar da na tsaya a tsakiyar titi kowa na ganina, ba mai karya doka. Motoci su wuce lafiya, 'yan makaranta su tsallaka lafiya, ni kuma in koma ofis hannu Rabbana, a ce ban yi aiki ba. Ranar da na laɓe a bayan kwana, na bar su suka yi laifin sannan na fito, ranar ce ake ce mini sannu da ƙoƙari."

Ya kuma warware mini zancen tirela. Tsayar da babbar mota aiki ne na mutum huɗu ko biyar, sai an nemi inda za a ajiye ta, direba zai kira mai mota, mai mota zai kira wani, wayar ta dawo kan ogansu. Awa uku sun tafi a kan kamu ɗaya, wataƙila ma a ce a sake ta. A cikin awa ukun nan an kawo adaidaita nawa? Ɗan sahu ba shi da wanda zai kira, kuma yana son ya biya da wuri ya koma nema. Wanda aka yanka wa adadi ba zai je inda haɗari ya fi yawa ba, inda kamu ya fi sauƙi zai je. Ban ji ƙeta a muryarsa ba, gajiya na ji. Ya ce yaransa ne ke shan zagi da jifa, akwai wanda mota ta taka wa ƙafa, wanda ya yanka adadin kuwa ba a san fuskarsa a titi ba.

Sai bayan azahar na shiga ofis, ban kuma yi wani aikin kirki ba. Tunanina ya koma kan wani rahoto da na karanta saboda aikina, a kan Ferguson, ƙaramin gari a jihar Mizuri ta Amurka, mai mutum kusan 21,000. A watan Agusta na 2014 ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata mai suna Michael Brown a can, gari ya rikice. Da Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta yi bincike ta fitar da rahoto a Maris na 2015, sai ga shi tushen gabar da ke tsakanin jama'a da 'yan sanda har da kuɗin tara. Tun a 2010 daraktan kuɗi na garin ya rubuta wa shugaban 'yan sanda cewa in ba a ƙara yawan takardun tara ba, kuɗin da ake tarawa ba zai ƙaru ba. A shekarar 2010 ɗin, kuɗin tara da na kotu sun kawo dala miliyan 1.38. A kasafin 2015 an sa ran dala miliyan 3.09, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na babban asusun garin. Ƙwazon ɗan sanda da ƙarin girmansa sun rataya a kan yawan takardun da ya rubuta, nauyin kuma ya fi faɗawa kan talakawa baƙaƙen fata. A 2015 ɗin ce jihar Mizuri ta rage kason da gari zai iya samu daga tarar hanya, daga kashi 30 zuwa kashi 20 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsa. Wasu jihohin, irin su Kalifoniya, doka ce ta hana a yanka wa ɗan sanda adadin kamu.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne daga inda umarnin ya fito. Daga ofishin kuɗi ya fito, daga hannun mutane masu irin aikina. Da zarar an rubuta tara a kasafi a matsayin kuɗin shiga da ake jira, to an riga an ƙaddara cewa dole mutane su yi laifi gwargwadon wannan adadi, in ba su yi ba a nemo. A nan gida ma mun ga yadda abin ke ƙarewa in hukumar hanya ta zama mai karɓar haraji a idon jama'a. A watan Fabrairu na 2021 'yan adaidaita sahu a Kano sun ajiye aiki saboda harajin naira 100 na kullum, suka sake yin haka a Janairu na 2022 a kan kuɗin sabunta rajista, mutane suka riƙa taka sayyada zuwa kasuwa da makaranta.

Akwai kuma adadin da ya kamata a ce shi ne a kan allon nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ce mutum 5,081 ne suka mutu a hanyoyin Najeriya a 2023, a 2024 kuma 5,421. A tsakanin shekarun biyu yawan haɗurran ya ragu daga 10,617 zuwa 9,570. Mai son yabon kansa zai ɗauki lissafi na biyu ya ce an ci gaba, amma gidajen da aka yi zaman makoki sun ƙaru. A 2024 ɗin ne tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa, sama da mutum 150 suka rasu. Hukumar ta sha nanata cewa gudun wuce sa'a ne kan gaba wajen jawo haɗurra. Ba a maganin gudun wuce sa'a a bakin kasuwa, inda mota ke tafiyar hawainiya.

Ban ce a daina tara ba. Wanda ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya keta danja, a ci shi tara mai zafi, ko ɗan yayata ne. Ban kuma ce a bar jami'i ba ma'auni ba. A auna shi da mutum nawa suka mutu ko suka ji rauni a titin da aka damƙa masa, bana da bara. A auna minti nawa ake yi kafin a kai wa wanda ya yi haɗari ɗauki, da awa nawa aka tsaya a mahaɗar da aka san tana cin mutane, da ƙorafi nawa aka karɓa aka kuma amsa. Majalisar Suwidin a 1997 ta ɗauki manufar cewa kada kowa ya mutu ko ya ji mummunan rauni a hanya, ta kuma ɗora wani kaso na alhakin a kan masu tsara titi da masu kula da shi, ba a kan direba kaɗai ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma burin da ta sa shi ne a rage mace-macen hanya da rabi kafin 2030. Waɗannan ma adadi ne, amma jami'in da ke bin su ba ya buƙatar laɓewa.

Sai batun wa zai amsa tambaya. Yau wanda ya kama shi ne ya faɗi laifin, ofishinsa ya yanke kuɗin, mashin kuma na hannunsu har sai an biya. Da yaron nan yana da gaskiya, gaban wa zai kai ta, alhali kowace awa da ya yi a harabar asara ce? A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an duba lafiyar motoci na birnin tarayya ba su da hurumin tsayar da mota, ko kwace ta, ko cin tara. Hukuncin na Abuja ne, amma tambayar da ke cikinsa ta shafi kowace jiha: mai kamu shi ne alƙali?

Bayan magariba ɗan yayata ya shigo, ya durƙusa ya miƙo abin da ya samu daga la'asar. Na ce ya bar na yau. Ya zauna yana cin tuwo, can ya ɗago ya ce, "Kawu, ni da su fa duk abu ɗaya muke yi, kowa so yake ya cika lissafi kafin rana ta faɗi." Na ce masa akwai bambanci. Kai in gari ya zauna lafiya fasinja ƙaruwa suke yi, lissafinka ya cika. Shi kuwa in kowa ya bi doka nasa lissafin ba zai cika ba, kuma ba shi ya tsara hakan ba.

Kafin mu rabu da rana abokina ya gaya mini cewa mahaɗar makarantar firamaren unguwarmu, inda yara ke tsallakawa a guje lokacin tashi, ba a tura kowa wurin saboda ba a samun kamu. Bayan isha'i na je wurin mai unguwa da shugaban ƙungiyar iyayen yara, muka rubuta takarda zuwa ga hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa. Mun roƙi a ba mu jami'i lokacin shiga makaranta da lokacin tashi. Mun kuma roƙi hukumar ta riƙa bayyana wa jama'a, duk wata uku, kuɗin tarar da ta tara tare da yawan haɗurra da rayukan da aka rasa a kowane babban titi, a takarda ɗaya. Za mu kai kwafi ofishin ɗan majalisarmu na jiha, tunda su ke amincewa da kasafin da ake rubuta tarar a ciki. Mai unguwa ya ce shi zai sa hannu a farko, gobe Laraba bayan azahar mu uku za mu je.