Inda bargon ya kai, da maganar yawan tunani

Salam 'yan uwa masu koyon saƙa, fatan kowa na nan lafiya da kwarashinta. Bargon jaririn nan ya wuce rabi, gefensa ya daina karkacewa tunda na koma ƙirga madauki a ƙarshen kowane layi, na kuma bar kwarashi mai milimita 4 na ɗauki mai 5 don ulun na da kauri, saƙar ta fi laushi sosai.

Yau dai maganar yawan tunani nake so mu taɓa, don na lura da yawanmu shi ya kawo mu saƙa ko ba a faɗa ba. Ku duba aikinku da kyau, wallahi saƙa tana tona asiri. Layin da na yi raina a kwance madaukansa daidai suke, wanda kuma na yi ina ta juya magana ɗaya, me ya sa ta ce min haka, da na sani da na mayar mata, to gobe in abu kaza ya faru fa, sai in tarar ya tsuke har kwarashin ba ya son shiga, kafaɗa a ɗaure, haƙora a cije ban ma sani ba. Yanzu da zarar kwarashi ya fara gardama sai in sassauta zaren a yatsa, in sauke kafaɗa, in ja numfashi in sake shi a hankali sannan in ci gaba.

Masu cewa kawai ki daina tunani, Allah ya ba su haƙuri, abin ba ya yiwuwa da ƙarfi. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya ce wa mutane kada su tuna farin beyar (wata babbar dabbar daji), wanda ya tuna ya kaɗa ƙararrawa, suka yi ta kaɗawa, da aka sakar musu mara kuma tunanin ya ƙara yawa. Shi ya sa ni ba na korar tunani, ƙwaƙwalwar nake ba aiki.

Kuma ba kowace saƙa ke yin wannan ba fa. Mai sauƙi sosai hannu ya haddace, kai ya samu sarari ya koma inda ya fito. Mai wahala sosai kuma takaici ne za ki ƙara wa kanki ki yi ta warwara. Ta tsakiya ita ce, irin wadda dole ki ƙirga, uku a rami ɗaya, sarƙa ɗaya, tsallake, uku kuma, bakinki na motsi kina binta.

Akwai binciken da aka wallafa a Ingila a 2013, an tambayi masu saƙar tsinke biyu fiye da 3,500, waɗanda suka fi yawan yi su suka fi cewa suna samun natsuwa. Bakinsu ne dai ya faɗa, don haka ni ban ɗauki saƙa a matsayin magani ba, taimako ce.

Damuwar da ta ƙi tafiya kuma, ina da ɗan littafi a jakar zare, in rubuta ta a layi ɗaya in ce sai yamma, na ware minti 20 don ita kaɗai. Kafin lokacin wasu sun huce da kansu, sauran in duba wadda ke da abin yi in yi. Amma wadda tunani ya hana ta barci da cin abinci, ƙirji na bugawa haka kawai, don Allah ta ga likita, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba a 2019, kuma ana maganinsa.

Saura sauya kala, wadda ta iya ɓoye bakin zare ba tare da ƙulli ya fito ba ta nuna min kafin in kai layin.