Odar mota ta yi shiru? Saurari rele kafin ka sayi sabuwa

A Garwa ko Marwa, inda babura ke kutsowa ta kowane gefe, tuƙa mota ba oda wahala ce. Amma sau da yawa odar da direbobi ke cirewa su yar lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta isa gare ta.

Fara da fis, wanda makanikanmu ke kira fuzibil. Galibi mai amfiya 10 ne, ja, ko mai 15, shuɗi. A tsofaffin Toyota za ka ga an rubuta HAZ-HORN a murfin akwatin fis, wato fis ɗaya ke riƙe da oda da sigina huɗu. In duka biyun sun mutu tare, ka san inda za ka duba. Kada ka naɗa zaren waya a gurbinsa. In sabon ya sake ƙonewa nan take, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfen mota.

Fis lafiya? To, buɗe bonet, sa wani ya danna oda, kai kuma ka ɗora yatsa a kan rele, wato ɗan makunnin da ke tura wa oda wuta. In ka ji ƙas-ƙas, maɓallin sitiyari da wayarsa ba su da laifi, matsalar tana gaba. Rele na iya yin ƙas alhali bakinsa na ciki ya ƙone, don haka musanya shi da wani irinsa daga cikin akwatin fis, mai ƙafafu masu lamba 30, 85, 86 da 87, ka sake gwadawa.

Daga nan sai kan odar, bayan bamba ko gaban lagireto. Zare filoginta, sa fitilar gwaji tsakanin wayar da ƙarfen mota, a danna. Fitila ta kama, oda shiru: kwance notin da ke riƙe da ita. Oda mai waya ɗaya ta wannan notin take samun mas, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta ƙarfen mota, kuma nan ne ƙurar hunturu, ruwan Agusta da tiyon masu wankin mota ke haɗuwa su yi tsatsa. Goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Marwa da Kuseri kuwa, girgizar hanya kaɗai kan sassauta filogin. Sai ka ja wayoyi biyu daga batir mai volt 12 kai tsaye, ta ƙi kuka, sannan za ka ce ta mutu. In tana kuka a shaƙe, akwai ɗan sukuru a bayanta, juya shi kaɗan-kaɗan kana saurare.

In rele bai motsa ba sam ko bayan ka musanya shi, galibi laifin yana sitiyari. Danna oda kana juya shi hagu da dama. In ta yi kuka a wani wuri ta ɗauke a wani, wayar nan mai faɗi da ke naɗe a bayan sitiyari ce ta tsinke, kuma sau da yawa fitilar jakar iska na kunne a dashbod. Kafin a kwance sitiyari, cire kan batir na mas, wato mai alamar (-), a jira minti goma, don jakar iska kan fashe a fuskar mai gaggawa. Wajen sa sabuwar wayar, a daidaita tayoyi su fuskanci gaba, ita ma a tsaida ta a tsakiya, in ba haka ba kwanar farko za ta sake tsinka ta.