Na Raina Zafin Akra, Ya Kayar da Ni a Titi

Ƙannena, musamman ku da kuke sauka Akra daga Bawku ko Tamale don neman na kai, ku saurara. Ni ma daga arewacin Ghana na zo, ina ganin na gama sanin rana. A can, watan Maris zafi kan kai digiri 40, nan kuwa bai cika wuce 33 ba. Sai na raina shi.

Abin da ban sani ba shi ne iskar bakin teku cike take da laima. A arewa gumi na fitowa yake bushewa, kuma bushewar ce ke sanyaya jiki. A nan sai ya kwanta a fata, riga ta jiƙe sharkaf, jiki bai huce ba, ruwa da gishirin jikinka kuwa suna ta tsiyayewa. Baƙo yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba. Ni washegarin zuwana na fita talla.

Safa da hankici nake sayarwa tsakanin motoci a shataletalen Kwame Nkrumah, kullum da ƙafa daga Nima. Babban kuskurena, da gangan nake ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matse ni, in biya kuɗin ban ɗaki, ciniki kuma ya wuce ni. Ataya da safe, lemon ƙarfi da rana, shi ke nan. Ga baƙar rigar ƙwallo ta roba, kai ba hula.

Jiki ya yi ta gargaɗina. Fitsarina ya koma kalar shayi. Kai na sarawa, sai in haɗiyi farasitamol. Ran da abin ya faru, sha-raɓata ta ɗaure tun hantsi, zuciya na tashi, na ga fasinjan trotro, wato motar haya, na miƙo kuɗi na kasa lissafa canji. Daga nan ban san inda kaina yake ba.

Wata dattijuwa mai sayar da wake da shinkafa ce ta sa aka ja ni inuwa. Ta cire mini riga, ta yi ta fasa ruwan leda tana zuba mini a wuya da hammata da matsematsi, tana fifita da kwali. Wani yaro ya zo zai ɗura mini ruwa a baki, ta buge hannunsa. Ta yi daidai, domin wanda ya suma idan aka ɗura masa ruwa shaƙewa zai yi. Sai da aka ƙara mini ruwa a asibiti. Da na koma yi mata godiya na ce, “Mma, Allah ya saka da alheri,” sai ta ce, “Ɗana, kuɗin ruwan da kake jin ƙyashi, nawa ka biya a asibiti?” Ban iya amsawa ba.

To, kada ku jira ƙishi. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce; in kana aikin ƙarfi a rana, ka sha kamar guda a kowane rabin awa, kaɗan-kaɗan. In gumi ya yi yawa, sayi gishirin ORS a kantin magani, ko ka juye leda biyu a kwano mai tsabta, ka sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ruwan kwakwa ma yana taimakawa. Sa farar riga ta auduga mai walawa, da malafa. Daga 12 zuwa 3 na rana ka riƙa neman inuwa. Bayan azahar kada ka yi saurin barin masallaci.

Wanda kuka ga jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko tangaɗi, ko da gumi ko babu, kada ku tsaya cewa aljanu ne. Ku fara sanyaya shi nan take, wani ya kira lambar gaggawa ta 112.

Azumin shekarun nan yana faɗowa cikin watannin zafi, Fabrairu da Maris. Shayi kaɗai ba sahur ba ne. Raba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa asuba, ka mayar da aikin ƙarfi safiya. In jiri ya kama ka har kana tsoron halaka, addini ya ba ka izinin karyawa ka rama daga baya. Tambayi malaminku tun yanzu.

Ku kuma ƙannena mata masu dako a Madina da Agbogbloshie, ku ne kuka fi tsaya mini a rai. Jaririn da ke goye yana shan zafin rana, yana shan na bayanki, kuma ba shi da bakin faɗa. In bai kai wata 6 ba, nono kawai za ki yawaita ba shi, ke ki sha ruwan. Kowane sawu kika sauke, ki kwance shi a inuwa ya sha iska kafin ki ɗauki wani.