Kwatar ƙofar gidan Kaka

Ranar da na sauka a Chittorgarh, a jihar Rajastan, cikin watan Agustan 2019, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Karatun digiri na biyu ya kawo ni Indiya, a wata jami'a da ke bakin babbar hanya, ƙauyuka da gonakin masara sun kewaye ta. Wata ɗaya na yi a ɗakin kwanan ɗalibai na ce a kai kasuwa. Hayaniya ta hana ni barci, abinci kuma kullum launinsa ɗaya. Sai wani ɗan ajinmu ya kai ni ƙauyensu, tafiyar minti goma sha biyar a keke, wurin wani dattijo mai ɗaki a saman gidansa.

Sharaɗi biyu ya gindaya mini: ba a dafa nama a gidansa, ba a kuma dawowa bayan goman dare. Kilishin da na zo da shi a ɓoye na cinye shi, taga a buɗe. Daddawa ce ta tona mini asiri, don ranar da na fara kaɗa miyar kuka sai da matarsa ta hawo bene da kanta ta duba abin da ya mutu. Samarin layin Kaka suke ce masa, matar kuma Kaki. A wurinsu kaka ƙanen uba ne. Ni kuwa da na dubi furfurarsa da rawaninsa mai ruwan goro, kakan ne sosai, sunan bai yi mini nauyi a baki ba. Indiyancin da na tsinta a finafinai tun ina yaro a Kano ya ɗan yi mini rana a kasuwa, amma a cikin gida Mewari suke yi, ni dai sai murmushi da gyaɗa kai.

A ƙofar gidan akwai kwata da ta daɗe da rushewa. Ruwan wanke-wanke na layin duka nan yake taruwa, ɓauna ta bi ta ciki, sauro ya yi gida. Wata safiya tayar kekena ta zame, na faɗa ciki da jakar kwamfuta a bayana. Na tashi ina tsiyaya, na faɗi abin da kowane ɗan Nijeriya zai faɗa: gwamnati ba ta kyauta ba. Kaka yana zaune kan gadon igiya yana shan shayi, ya tambayi jikansa me na ce. Da aka fassara masa ya yi dariya har ya ƙware, ya nuna ƙarshen layi da haɓa ya ce, "Ga gwamnatin can tana facin taya."

Da gaske yake. Mai facin shi ne wakilin unguwarmu a majalisar ƙauye, wadda suke kira panchayat. Kalmar daga panch take, wato biyar, saboda dattawa biyar da ke yanke hukunci a da. Ta yanzu zaɓenta ake yi duk shekara biyar. Kowace unguwa ta fitar da wakili ɗaya, ƙauyen gaba ɗaya kuma ya zaɓi shugaba, sarpanch. Sama da su akwai majalisar yanki, sama da ita ta gunduma. A Nagaur, cikin wannan jiha ta Rajastan, firaministan Indiya na farko, Nehru, ya ƙaddamar da tsarin ran 2 ga Oktoba 1959, amma ya yi shekaru yana tangal-tangal, gwamnatin jiha in ta ga dama ta yi zaɓe, in ba ta ga dama ba ta share. Sai da aka yi wa tsarin mulki gyara na 73 a 1992, ya fara aiki ran 24 ga Afrilu 1993, sannan zaɓen ya zama dole. Yau irin waɗannan majalisu sun kai kimanin 250,000 a faɗin ƙasar, zaɓaɓɓun wakilai sun haura miliyan 3, kusan rabinsu mata. Mai facin ɗaya ne daga cikinsu. Na je na same shi, ya saurare ni hannunsa cikin bahon ruwa yana neman inda tayar ke yoyo, ya ce in bari sai ranar gram sabha.

Gram sabha taron duk wanda sunansa ke cikin rajistar zaɓe na ƙauyen ne. Ni ba na ciki, amma Kaka ya ce ba a hana baƙo zama. Ran 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Gandhi, muka tafi ofishin panchayat. An shimfiɗa darduma a farfajiya ƙarƙashin bishiyar dogonyaro. Maza a gaba da rawuna kala-kala, mata a gefe guda sun ja mayafi har haɓa. A kan tebur ga sarpanch, ga sakatare, wanda shi ma'aikacin gwamnati ne ba zaɓaɓɓe ba, ga ƙaton littafi mai jan bango. A jikin bango hotuna biyu, Gandhi da Ambedkar. Abokina ya raɗa mini cewa mutanen nan biyu ba su taɓa jituwa a kan ƙauye ba. Gandhi yana ganin ran Indiya a ƙauye yake, kowane ƙauye ya mulki kansa. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulki, ya fito daga cikin mutanen da ake ƙyamar taɓawa, kuma ya faɗa a gaban majalisa a 1948 cewa ƙauye matattarar jahilci ce da son zuciya da wariya. Ya san wanda ake hanawa ɗiban ruwa a rijiya. Shi ya sa doka ta ware kujeru, har da ta shugaba, ga ƙabilu da dangogin da aka danne. Ina duba farfajiyar na ga dalilinsa: babu wanda ya ce kowa ya zauna a wuri kaza, amma kowa ya san wurinsa, kuma waɗanda ke can baya kusa da takalma ba su zauna can don sha'awa ba.

Sakatare ya fara karanta kuɗin da ya shigo da inda ya tafi, da murya irin ta mai son a gama. Bai kai rabi ba wata tsohuwa ta miƙe, ba ta ɗaga mayafi ba, ta ce wata uku ba ta ga kuɗin tsufanta ba. Wani ya taso da maganar jerin waɗanda za a gina wa gidaje, yana tambaya ta yaya mai tarakta ya shiga jerin matalauta. Nan wuri ya kaure. Mai taraktar yana nan zaune, ƙanensa ya miƙe, aka yi ta nuna yatsa, sarpanch yana ɗaga hannu biyu yana ba da haƙuri. Na ɗauka dambe za a yi, sai ga yaro da tiren shayi, kowa ya koma ya zauna. Sannan Kaka ya tashi ya kawo maganar kwata. Bai tsaya dogon bayani ba, ni ya nuna: ga baƙonmu daga Afirka, ya ƙetare teku lafiya, ƙofar gidana ce ta kayar da shi. Aka kwashe da dariya, mata ma ana jin tasu ta cikin mayafi. Sakatare ya rubuta a jan littafi. Ni ne hujja, ko bakina ban buɗe ba.

Doka ta ce sai kashi ɗaya cikin goma na masu zaɓe sun halarta taron ya inganta. Ranar ba su kai ba. Da yamma na ga wani yaro yana bin gidaje da littafin, ana dangwala masa yatsa. Na faɗa wa Kaka, ya ɗaga kafaɗa ya ce lokacin girbin masara ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ranar bango ne. Gefen ofishin an shafe shi da fenti rawaya, an rubuta sunaye layi-layi, kowanne da kwanakin da ya yi aiki da kuɗin da aka biya shi. A lokacin akwai doka ta 2005 da ta ba kowane gida na karkara haƙƙin aikin ƙwadago na kwana 100 a shekara, haƙar tafki, gyaran hanya, da makamantansu, kuma panchayat ke tsara yawancin ayyukan. Mutum zai zo ya tsaya, in bai iya karatu ba ɗansa ya karanta masa, ya ga ko abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ya shiga hannunsa. Asalin wannan ba nesa da mu yake ba. A Devdungri, cikin gundumar Rajsamand mai maƙwabtaka, Aruna Roy da abokan gwagwarmayarta suka kafa ƙungiyar leburori da manoma a 1990, suka riƙa tara mutane a fili ana karanta takardun biyan kuɗi da ƙarfi. Sai a ji an kira sunan wanda ya mutu shekaru da suka wuce wai ya yi aiki ya karɓi lada, ƙauye duka yana saurare. Takensu shi ne kuɗinmu, lissafinmu. Daga irin wannan tarurruka aka kai ga dokar haƙƙin samun bayanai ta ƙasa baki ɗaya, ita ma a 2005.

Daren nan na kira kawuna, wanda mai unguwa ne a garinmu. Na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya ce, "To ai mu ma muna zama a ƙofar gidan dagaci, ɗana, kowa ya faɗi damuwarsa." Na ce haka ne, Kawu, Allah ya ƙara girma. Ban ja da shi ba, don gaskiya ya faɗa, har ma na fi yarda da adalcinsa a rikicin gona fiye da na wannan sarpanch. Amma a ƙofar gidan dagaci babu asusu. Kuɗin yana sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya daga cikin 774, kuma ban taɓa ganin an rubuta ko sisi a jikin bangonta ba. Kansilanmu na san fuskarsa ne a fosta.

A watan Janairun 2020 aka yi zaɓe. Rajastan ta ware wa mata rabin kujeru, ƙuri'a ake jefawa a ga ƙauyen da abin zai faɗa wa, kuma a wannan karon kujerar shugabanmu ta faɗa wa mata. Fostoci suka cika gari, hoton 'yar takara ƙarami a kusurwa, na mijinta ya cinye sauran takardar, hannu biyu a haɗe. Ba a amfani da alamar jam'iyya a zaɓen sarpanch, kowa da alamar da aka ba shi, amma kowa ya san wa ke bayan wa. Da dare ana rabon alewa, ana rabon abin da ba alewa ba. A daren zaɓen aka faɗi sakamako, aka rataya wa mijin wadda ta ci furanni har wuyansa ya ɓace. Suna da suna ma ga irinsa, sarpanch pati, mijin shugaba. Na tsokani Kaki na ce ashe zaɓen mata na maza ne. Tana murza gurasa ba ta ɗago ba ta ce, "Shekara biyar da yawa. Hannu nata ake sawa a takarda."

Ran 25 ga Maris aka rufe ƙasa saboda korona. Jami'a ta watse, jirage suka tsaya, samari suka tare hanyar shiga ƙauye da ƙaya da gora. 'Yan ci-rani suka fara dawowa daga Surat da Ahmedabad, wasu a ƙafa, panchayat ta killace su a makarantar firamare. A kwanakin nan na ji baƙuntata fiye da kullum. Mai kanti da muke gaisawa ya koma miƙo mini canji daga nesa, wasu suna cewa baƙi ne suka kawo cutar. Wata rana mai faci ya zo da littafi, ƙyalle a hanci, yana ƙidaya mutanen kowane gida. Ya tambayi Kaka mutum nawa. Kaka ya ce bakwai. Mai faci ya ƙirga da yatsu ya ce shida. Kaka ya nuna bene. Aka rubuta sunana a ƙasan na jikansa, da haruffan da ko yanzu da ƙyar nake karantawa. Azumi ya kama cikin kullen. Ba wanda na yi wa bayani, amma Kaki ta lura ba na kunna murhu da rana, daga nan kullum in rana ta kusa faɗuwa sai in ji ƙarar faranti a kan matakala.

Kwatar sai bayan damina aka fara ta. Bulo da siminti, aka rufe da falange, aka kafa ɗan allo rawaya a bakin layi mai ɗauke da tsawonta da kuɗinta. A taron 26 ga Janairun 2021 aka taso da maganar. Mijin shugaba, wanda ya ja kujera kusa da tebur, ya buɗe baki zai amsa, sai tsohuwar nan mai kuɗin tsufa ta ce ba shi ta dangwala wa ba. Wuri ya yi tsit. Shugabar ta ɗan ja mayafinta baya zuwa goshi, ta karɓi takarda daga hannun sakatare, ta karanta da kanta, tana tuntuɓe a kan lambobi, muryarta na rawa. Ta kai ƙarshe dai.

Washegari da sassafe Kaka ya buga mini ƙofa, igiyar awo a hannunsa wadda ya aro wurin magini. Ya ce in riƙe bakin, tunda ni ne mai karatu kuma ni na faɗa ciki. Muka auna daga allon har inda siminti ya ƙare, sau biyu, yara na bin mu. Ƙafa goma sha ɗaya ta rage a kan abin da aka rubuta. Ya sa na rubuta masa lambar a bayan takardar sigari, ya naɗe ta, ya cusa cikin rawani, ya ce akwai taro a watan Mayu.