Wuyan mai lalle da shawarar "miƙe ki zauna sosai"

Shawarar da ta fi cutar da ni a sana'ar lalle daga bakin masu ƙaunata ta fito: "Miƙe wuyanki, ki zauna sosai." Mahaifiyata ta faɗa, maƙwabtanmu a unguwar Karantina ta Jidda sun faɗa, har mai saidaliyya, wato kantin magani, ya maimaita lokacin da yake miƙo mini kwalar soso ta ɗaure wuya. Ni kuwa na bi. In na zauna gaban hannun amarya sai in turo ƙirji, in ja kafaɗu baya, in ɗage haɓa, in ƙame. Kafin in gama zanen yatsu biyu na gaji na koma gidan jiya, sai dai yanzu ciwon ya zama biyu: na dā a dokin wuya, da sabo tsakanin kafaɗu.

Wadda ta san goman ƙarshe na azumi a Jidda ba sai an yi mata bayani ba. Daga an idar da tarawi falo ke cika, ba a tashi sai sahur. Ciwon nawa daga ƙeya yake tasowa, ya bi ta saman kai ya zauna bayan ido. Kuɗi kam sun tafi: kwala, matashi na musamman, man zafi kala-kala, tausa. Na yi ƙaho, kuma ba na raina shi, na ji sauƙi, amma da na koma kan tabarma ciwon ya dawo inda ya tsaya. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne wata Ƙaramar Salla da wuyan ya ƙage gaba ɗaya ana saura kwana kaɗan, ga kwalar ɗaure a wuyana, ga zaman ƙamen da nake ta yi. Dole na mayar da mutanen wani babban gida da na daɗe ina yi wa ƙunshi. Suka tafi wajen wata, ba su sake dawowa ba.

'Yar ƙanena, wadda ke karatun gashin ƙashi, ita ta warware mini, kuma ba da magani ba. Ta zauna a gefena ina aiki ta ɗauke ni bidiyo a waya ban sani ba. Da baƙi suka watse ta ce, "Gwaggo, zo ki ga kanki." Na ɗauka zan ga mace a sunkuye, wannan ai na sani. Abin da na gani daban ne. Muddin ina cike manyan furanni, jikina lafiya lau. Amma da zarar tsinin ledar ya nufi siririn layi, kafin ma ya taɓa fata, sai wuyana ya zarce gaba, haɓata ta ɗago, ƙeyata ta danne dokin wuya, kafaɗar dama ta haura wajen kunne, haƙorana su datse. Numfashi ma tsayawa yake sai layin ya ƙare. Ta mayar da wurin baya ta sake kunnawa, ta je wani layin, haka dai. Kowane siririn layi da nasa. A dare ɗaya na azumi Allah kaɗai ya san sau nawa nake yin wannan, kuma ko sau ɗaya ban taɓa jin ina yi ba.

Sai ta ce in nuna mata inda kaina ya haɗu da wuyana. Na ɗora hannu can ƙasa, wajen da sarƙa ke kwanciya. Ta yi dariya, ta ɗauke yatsuna ta kai su dab da ramin kunnuwana. "Nan ne, Gwaggo, tsakanin nan da nan, can ciki." Ƙasusuwan wuya 7 ne, kuma ƙoƙon kai a kan na farkonsu yake zaune, sama sosai da inda yawancinmu muke zato. A wannan gaɓar ake gyaɗa kai. Ni kuwa duk lokacin da zan kalli ƙasa, wuyan nake karyawa daga tushe in jefa shi gaba, sa'an nan in ɗage fuska don in gani, ƙananan tsokokin da ke ƙarƙashin ƙeya su yi ta aikin da ba hutu. Zaman ƙamen da aka koya mini bai taɓa wannan ba ko kaɗan. Ɗage haɓa ma ƙara matse wurin yake.

Kan babban mutum yana kai kilo 5, kusan galan ɗin Zamzam mai lita 5 da alhazai ke tafiya da shi gida. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa in kai ya karkata gaba digiri 30 nauyin da wuya ke ji yana kai kilo 18, a digiri 60 kuwa kilo 27, wato galan biyar da ɗoriya. Lissafin kwamfuta ne, ba a jikin mutane ya auna ba, amma wuyana bai yi masa musu ba.

Hanyar da yarinyar ta bi da ni tana da asali. Wani ɗan Ostareliya, F. M. Alexander, wanda aka haifa a Tasmaniya a 1869, sana'arsa karatu a gaban jama'a, muryarsa ta riƙa dishewa. Da magani ya gaza sai ya kafa madubai yana kallon kansa, ya tarar duk lokacin da zai buɗe baki yakan ja kansa baya da ƙasa, ya danne maƙogwaro, ya zuƙi iska da ƙarfi. Ya koma Landan a 1904 yana koyar da abin da ya gano har rasuwarsa a 1955. Abin da ya fi tsaya mini a labarinsa shi ne ya lura cewa abin da jiki ya saba, shi yake ji daidai ko da karkatacce ne. Shi ya sa ranar farko da ta saita mini kai da hannunta na rantse mata faɗuwa zan yi ta fuska, alhali a madubi tsaye nake sak.

Aikin kansa ba shi da armashin da za a ba da labari. Kafin kowane siririn layi in dakata, dakatawar da ba ta wuce numfashi ɗaya ba. Ba gyara zama ba, ba miƙewa ba. In lura ko haƙora sun haɗu in raba su, in bar wuya ya saki, in bar hanci ya ɗan sauka daga waccan gaɓar ta tsakanin kunnuwa, in fitar da numfashi, sa'an nan in ja layin. In ina bukatar matsawa kusa, daga ƙugu zan lanƙwaso da bayan gaba ɗaya. Da farko hannuna ya yi nauyi, mata suna ta duban agogo, wata har ta ce ko tsufa ya fara kama ni. Na haɗiye. Wani abin mamaki, layin da nake ja ina fitar da numfashi ya fi wanda nake ja a ƙame tsabta, rawar hannun ta ragu.

A salla ma na kama kaina. A ruku'u ashe ɗage kai nake ina danne ƙeya, alhali tun muna islamiyya aka karantar da mu hadisin Nana A'isha a cikin Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya yi ruku'u ba ya ɗaga kansa kuma ba ya saukar da shi, tsakanin haka yake. Tun daga nan ruku'u ya zama wurin da nake duba wuyana kullum.

Ba zan ce na warke sarai ba. Wani gwaji da aka yi a Ingila, aka buga a 2015, kan mutum 517 masu daɗaɗɗen ciwon wuya, ya nuna waɗanda aka ba darussan hanyar Alexander sun samu raguwar ciwo da ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku bayan shekara, fiye da waɗanda suka tsaya kan kulawar da aka saba. Raguwa ce, kuma haka na gani a jikina: ciwon bayan ido ya zama na jefi-jefi, wuyan bai sake ƙagewa ba. Amma in hannu yana mutuwa, ko abu yana suɓucewa daga yatsu, ko wuya ya sanƙare da zazzaɓi, wannan ba na lura da zama ba ne, asibiti za a nufa a ranar.

Na daina zama a ƙasa. Yanzu kujera nake hawa, wadda nake yi wa ƙunshi ta ɗora hannu kan matashi biyu a tebur, ƙafa kuma a kan wata kujerar, fitila ta gefen hagu don kada inuwar hannuna ta sa ni leƙe. Tsofaffi suna mita, wai ƙunshi a kujera ba ya kamawa. Kwalar nan da ta ci mini kuɗi da gida guda na masu ƙunshi, ko kyauta na ƙi bayar da ita.

Inda har yanzu nake shan kaye shi ne yara. Yarinya 'yar shekara 5 tana mutsu-mutsu, uwarta na tsaye a kaina, sai in farga haƙorana sun datse tun tuni. Saboda haka su nake fara yi da farkon dare tun da sauran ƙarfina, wadda aka kawo bayan sha biyu kuwa yarinyar da ke koyo a wurina ce za ta yi mata, ko uwar ta so ko ba ta so.